John Moses Browning: Maƙerin da ya bar wa duniya gardamar ƙaramar bindiga

Duk wanda aikinsa ke kai shi Sakatariyar Gwamnatin Tarayya ko harabar Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Abuja ya saba ganin dogarin da ke tsaye bayan minista ko babban hafsa, da ƙaramar bindiga maƙale a ƙugunsa. Ido ya saba da ita har ba mai sake dubanta. Amma da za a warware ta a baje sassanta a kan tebur, ko ƙirar Beljiyam ce, ko ta Ostiriya, ko ta Rasha, ko ta Sin, galibi dabarar mutum guda za a tarar a cikinta. Mutumin shi ne John Moses Browning, maƙeri ɗan Amurka wanda bai yi zurfi a karatun boko ba, amma ya rasu a 1926 yana da takardun mallakar ƙirƙira 128 a fannin makamai.

Browning ya ƙera bindigogin farauta, ya ƙera manyan bindigogin yaƙi masu ruwan harsasai, amma abin da ya fi jawo muhawara a cikin ayyukansa shi ne ƙaramar bindiga mai ɗura wa kanta harsashi. Biyu daga cikinsu, M1911 da Hi-Power, sun raba kan sojoji da 'yan sanda gida biyu tun zamanin kakanni, kuma har yau ba a sasanta ba. Wanda ya bi sawun rayuwarsa zai fahimci dalili, domin kowane fifiko da ƙaramar bindiga ke da shi, da wani abu aka biya shi.

Gadon maƙera

An haife shi ranar 23 ga Janairu, 1855, a Ogden, wani ƙaramin gari a yankin Utah da ke yammacin Amurka, tun yankin bai zama jiha ba. Mahaifinsa, Jonathan Browning, maƙerin bindiga ne mabiyin ɗariƙar Mormon, wanda ya yi ƙaura zuwa yamma tare da 'yan ɗariƙarsu bayan tsangwamar da suka sha a jihar Illinois, ya kafa maƙerarsa a Ogden a 1852. Gida ne mai mata fiye da ɗaya da 'ya'ya da yawa, kamar yadda al'adar ɗariƙar take a wancan zamani, don haka John ya tashi cikin 'yan'uwa da 'yan uba, waɗanda daga baya suka zama abokan sana'arsa.

A irin wannan gari na bakin daji, bindiga kayan aiki ce kamar gatari da fartanya. Da ita ake farauta, da ita ake kare garke. Jirgin ƙasa bai iso Ogden ba sai a 1869, saboda haka abin da ya karye a jikin bindiga sai maƙeri ya ƙera sabonsa da hannu. Tun yana ɗan shekara bakwai John yake kai kawo a maƙerar mahaifinsa, kuma makarantarsa ta ainihi ita ce tarin lalatattun bindigogin da mafarauta da matafiya ke kawowa gyara. A nan ya ga inda kowace ƙira ke gazawa: ƙusar da ke kwancewa, sifirin da ke sanyi, lungun da ke tara ƙura. Wannan tarbiyya ta bi shi har kabari. A duk abin da ya ƙera daga baya ya fi son sassa kaɗan masu ƙwari a kan sassa da yawa masu ƙawa.

Shekarar 1879 ta tattara masa manyan al'amura uku. A cikinta ya auri Rachel Child, a cikinta mahaifinsa ya rasu ya bar masa nauyin gida, a cikinta kuma ya sami takardar mallakar ƙirarsa ta farko, wata doguwar bindiga mai cin harsashi ɗaya. Shi da ƙaninsa Matthew da sauran 'yan'uwa suka buɗe ƙaramar masana'anta suna ƙera ta suna sayarwa. A 1883 ɗaya daga cikin bindigogin ta faɗa hannun kamfanin Winchester, babban jami'in kamfanin, T. G. Bennett, ya yi tattaki har Ogden ya sayi haƙƙin ƙirar a kan dala 8,000. Daga nan aka ƙulla hulɗar da ta kai kusan shekara 19, wadda ta haifar da shahararrun dogayen bindigogin Winchester na 1886 da 1892 da 1894 da 1895. Ko a tsakiyar wannan kasuwa da ke ci, a 1887 ya ajiye guduma ya tafi wa'azin ɗariƙarsa na shekara biyu a jihar Georgia.

Yadda yake aiki ya bambanta da na injiniyoyin manyan kamfanoni. Ba ya dogara da zanen takarda mai cikakken awo. Yakan gama ƙera bindiga a cikin ƙwaƙwalwarsa, ya yanka samfurin sassanta da takarda ko gwangwani, sannan ya tsaya kan ɗan'uwansa Ed yana sassaƙa su da ƙarfe, a haɗa, a fita bayan gari a gwada.

Darasin ciyawa

A 1889, wajen wata gasar harbi, ya lura da yadda iskar da ke fita daga bakin bindiga ke kwantar da ciyawa. Kowa ya saba ganin haka, amma shi ya ga ƙarfi ne ke tafiya a banza. Ya koma maƙera ya soma neman hanyar da bindiga za ta yi amfani da ƙarfin harbinta ta fitar da kwanson da aka harba, ta ɗura sabon harsashi da kanta. Wannan tunani ya haifar da bindigar yaƙi ta Colt ta 1895, ya kuma buɗe masa ƙofar ƙaramar bindiga.

A wancan lokaci libarba ce ke mulkin ƙugu. Tana da tulu mai juyawa wanda galibi ke ɗaukar harsashi shida. Masu yabonta na da hujja: ba ta da wuyar koyo, ba ta cika cijewa ba, kuma idan harsashi ɗaya ya ƙi tashi sai a sake jan kunama tulun ya juyo da na gaba. Aibinta shi ne ƙarancin harsasai, da jinkirin sake ɗuri, da kaurin tulun da ke hana ta kwanciya a jiki. Jamusawa na cikin waɗanda suka fara neman mafita. Hugo Borchardt ya fitar da tasa a 1893, kamfanin Mauser ya biyo da C96, amma duka biyun dogaye ne masu wuyar riƙo.

Abin da Browning ya kawo shi ne murfin ƙarfe mai zamewa wanda ya lulluɓe bututun bindigar. Idan an yi harbi, murfin ya ja baya ya tofar da kwanso, sifirin ya dawo da shi gaba ya ɗauko sabon harsashi daga gidan harsasan da ke cikin mariƙi. Wannan siffa ce kusan kowace ƙaramar bindiga ta zamani ta gada.

Daga Utah zuwa Beljiyam

Kamfanin Colt ya karɓi wasu ƙirorinsa don kasuwar Amurka, amma wata ƙarama ta aljihu ba ta burge shi ba. A 1897 Browning ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Fabrique Nationale, wanda aka fi sani da FN, da ke Herstal a gefen birnin Liège na Beljiyam, a lokacin kamfanin na neman aikin da zai riƙe ma'aikatansa. Daga wannan yarjejeniya aka sami FN 1900, mai harsashi milimita 7.65. Siririya ce, tana shiga aljihun kwat, ba ta da tsada, kuma tana aiki. An sayar da ita dubu ɗaruruwa, har sunan Browning ya zama sunan ƙaramar bindiga a bakin Turawan ƙasashe da dama. Rauninta a fili yake. Nauyin murfi da sifirin kaɗai ke tare ƙarfin harbi, don haka ba ta iya ɗaukar harsashi mai ƙarfi. Ta dace da ɗan sanda da ɗan kasuwa, ba ta dace da fagen daga ba.

Zumuncinsa da Beljiyam ya ƙara ƙarfi a 1902. Ya ƙera bindigar harbin tsuntsaye mai ɗura wa kanta harsashi, ya nemi Winchester ta riƙa biyan sa la'ada a kan kowace da aka sayar maimakon kuɗin dunƙule, Bennett ya ƙi. Ya nufi kamfanin Remington, sai shugaban kamfanin, Marcellus Hartley, ya rasu kwatsam a ranar da za su gana. Browning ya ɗauki bindigarsa ya hau jirgin ruwa zuwa Liège. FN ta karɓa, kuma an ci gaba da ƙera wannan bindiga, Auto-5, har zuwa 1998. Ya koyi Faransanci, ya riƙa ƙetare teku akai akai, ya zama ɗan gida a wajen ma'aikatan Herstal.

Gwajin harsashi dubu shida

Ita kuwa rundunar sojan Amurka matsalarta ta taso ne daga Filifin. A yaƙin da ta yi da mayaƙan Moro, Musulmin kudancin ƙasar, sojoji sun koka cewa libarbarsu mai harsashi .38 ba ta tsayar da wanda ya yo kansu da gaske. A 1904 aka ɗora wa John Thompson da wani likitan soja, Louis LaGarde, binciken lamarin, suka ba da shawarar kada a yarda da harsashin da bai kai .45 ba, wato kaurin milimita 11.43. Browning ya ƙera harsashin, ya kuma ƙera bindigar da za ta iya riƙe shi.

Dabararsa ita ce kulle bututu da murfi wuri ɗaya a lokacin harbi. Su biyun su ja baya tare na ɗan taƙi, har harsashi ya fita ƙarfin albarushi ya ragu, sannan gindin bututun ya sunkuya ƙasa ya saki murfin ya ƙarasa tafiyarsa. Wannan sunkuyawar bututu ita ce babbar gadon Browning, ita ce kuma ke cikin mafi yawan ƙananan bindigogin soja na yau.

An fara gasar zaɓe a 1907. Cikin masu takara har da Luger ta Jamus, amma daga baya aka rage saura Colt, wadda ke ɗauke da ƙirar Browning, da kamfanin Savage. Shekara da shekara ana gwaji ana gyara. Sojojin doki sun nace a sa makarin da zai hana tashin bindiga idan ta suɓuce daga hannun mahayi, don haka ta sami makari a bayan mariƙi wanda sai tafin hannu ya danne shi, daga baya aka ƙara na babban yatsa. A gwaji na ƙarshe an harba harsashi 6,000 da bindiga guda, idan ta yi zafi a tsoma ta a ruwa a ci gaba. Ta Browning ba ta cije ko sau ɗaya ba, ta Savage ta sami tangarɗa sau 37. Ranar 29 ga Maris, 1911, rundunar ta amince da ita da sunan M1911.

Masoyanta, waɗanda har yau ba su ƙare ba, suna yabon abubuwa uku: nauyin harsashinta mai kusan giram 15, da laushin kunamarta wadda ke tafiya kai tsaye ba tare da jan hannu gefe ba, da sirantakar jikinta. Masu suka kuma na cewa gidan harsasanta bakwai kawai yake ɗauka, nauyinta ya haura kilo ɗaya tun ba a ɗura ta ba, kuma tana tura hannu baya da ƙarfin da ke firgita sabon ɗauka. Akwai kuma batun shiri. Kunamarta ba ta ɗaga guduma da kanta, saboda haka mai son ta kasance a shirye dole ya ɗauke ta da guduma a ɗage da makari a rufe, abin da kwamandoji da yawa ba su amince wa ƙananan sojoji ba. Sai suka umarce su da su bar bututu babu harsashi, wanda hakan ya kawar da haɗari guda ya kawo jinkiri a lokacin buƙata.

Kishiyarta ta wancan zamani, Luger, wadda sojan ƙasa na Jamus suka ɗauka a 1908, ta fi ta kyawun gani da daɗin saiti, kuma ita ta kawo wa duniya harsashi milimita 9. Amma sassanta matsattsu ne, ƙerarta na cin lokaci da kuɗi, ba ta kuma jure laka da rairayi. Jamusawa da kansu sun maye gurbinta da Walther P38. Ita kuwa M1911 ta yi wa Amurka aiki a yaƙin duniya biyu da Koriya da Biyetnam, shekara 74 cur, har zuwa 1985.

Sarayebo

A watan Janairun 1914 kamfanin FN ya yi bikin cikar ƙananan bindigogin Browning miliyan ɗaya, Sarki Albert na Beljiyam ya ba shi lambar girma. Wata biyar bayan haka, ranar 28 ga Yuni, wani matashi mai suna Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa Sophie a birnin Sarayebo. Bindigar da ke hannunsa FN 1910 ce, ƙirar Browning. Cikin makonni Turai ta kama da wuta, a watan Agusta sojojin Jamus suka mamaye Liège, masana'antar da ta ƙera bindigar ta faɗa hannunsu.

Ba wannan ne karo na farko ba. A 1904 Eugen Schauman ya kashe gwamnan Rasha a Finlan, Nikolai Bobrikov, da FN 1900. A 1909 An Jung-geun ɗan Koriya ya kashe jigon siyasar Japan, Ito Hirobumi, a tashar jirgin ƙasa ta Harbin da irin wannan bindiga. Siffofin da aka yi tallarta da su, ƙanƙanta da sauƙin ɓoyewa da saurin harbi, su ne suka sa ta zama abin so ga mai kisan gilla. Bindigar da dogari ke ɗauka don kare mai gidansa da wadda maharin ke ɓoyewa a rigarsa, sau da yawa daga maƙera guda suka fito.

Da Amurka ta shiga yaƙin a 1917, Browning ya miƙa mata bindigar ruwan harsasai ta M1917 da doguwar bindigar BAR, ya kuma amince da ladan da bai kai kusa da la'adar da doka ta ba shi damar nema ba. Ɗansa Val, wanda hafsa ne a rundunar, yana cikin waɗanda suka kai BAR fagen daga a Faransa.

Aikin da bai ga ƙarshensa ba

Bayan yaƙin, Faransa ta nemi sabuwar ƙaramar bindiga mai ɗaukar harsasai da yawa. FN ta kira Browning, sai aka tarar da wani cikas: ya riga ya sayar wa Colt haƙƙin dabarun M1911, don haka tilas ya kauce wa ƙirarsa ta kansa. Wani matashin injiniyan FN, Dieudonné Saive, ya ƙera gidan harsasai mai jere biyu, inda harsasan ke zama a karkace da juna, Browning kuma ya gina bindiga a kansa. Ya nemi takardar mallaka a watan Yunin 1923.

Ranar 26 ga Nuwamba, 1926, yana bakin aiki a masana'antar Herstal, zuciyarsa ta buga, ya cika a ofishin ɗansa Val yana da shekara 71. An mayar da gawarsa Ogden aka binne. Takardar mallakar da ya nema ta fito a watan Fabrairun 1927, wata uku bayan rasuwarsa.

Saive ne ya ƙarasa aikin. Da wa'adin haƙƙin Colt ya ƙare a 1928, ya dawo da wasu dabarun M1911, ya rage tsawo da nauyi, har a 1935 sojan Beljiyam suka karɓe ta. Faransa da ta yi odar tun farko ta zaɓi wata daban. Sunan Hi-Power yana nuni ne ga yawan harsasanta, 13 masu milimita 9, kusan ninki biyu na M1911. Saboda haka adalci ne a ce bindigar ta mutum biyu ce, ko da yake sunan ɗaya ne ya bi ta.

A nan gardamar ta kankama. Ɓangare ɗaya na ganin harsashi babba guda ya fi ƙanana biyu. Ɗaya ɓangaren na cewa a cikin firgici yawancin harbi kuskure ne, don haka mai harsasai 13 da bindiga mai sauƙin riƙewa ya fi mai bakwai tsira. Hi-Power ta yi suna wajen dacewa da tafin hannu, da sauƙin warwarewa a goge, da arhar harsashinta. Amma ita ma tana da nata aibin. Faransawa sun sa sharaɗin kada ta tashi idan an cire gidan harsasai, kuma na'urar da ke tabbatar da haka ta sa kunamarta ta yi nauyi da gurzuwa. Makarinta na asali ƙarami ne, yana da wuyar samu da babban yatsa cikin gaggawa. Gudumarta kan ciji fatar hannun mai kauri. Sannan ta gaji matsalar yayarta, wato a ɗauke ta guduma a ɗage ko a bar bututu fanko.

Duk da haka ta bazu ƙwarai. A yaƙin duniya na biyu Jamusawa sun ƙera ta a Herstal da suka sake mamayewa a 1940, yayin da kamfanin Inglis na Toronto a Kanada ke ƙera wa sojojin ƙawance. Rundunonin ƙasashe fiye da 50 sun ɗauke ta. A yaƙin tsibiran Falkland na 1982, sojan Birtaniya da na Ajantina duk ita ce a ƙugunsu. Da ita kuma Mehmet Ali Agca ya harbi Fafaroma John Paul na biyu a 1981.

Hanyar Kaduna

Ta hannun Birtaniya da Beljiyam wannan gado ya iso Najeriya. Birtaniya ta mayar da Hi-Power ƙaramar bindigar rundunarta a shekarun 1950, kuma rundunonin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka da dama sun bi sahu. Shi kuma Saive ya ci gaba ya ƙera doguwar bindigar FN FAL, wadda sojan Najeriya suka daɗe suna riƙewa. Hukumar ƙera makamai ta ƙasa, DICON, wadda aka kafa a Kaduna a 1964, ta ƙera samfurin FAL da sunan NR1, ta kuma ƙera samfurin Hi-Power da sunan NP1. Ke nan aikin ƙarshe na maƙerin Ogden ya sami gida a Arewacin Najeriya.

Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta sanya libarba da ƙaramar bindiga cikin jerin makaman da aka haramta wa jama'a, ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, saɓanin bindigar farauta wadda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da izininta. Dalilin bai wuce abin da Sarayebo ta nuna ba: makamin da ke ɓuya a aljihu ya fi wuyar tsarewa. Saboda haka a Najeriya zaɓen ƙaramar bindiga ba al'amarin mai sha'awa ba ne a kanti. Al'amari ne na hukuma, na kwamitin sayayya da kasafin kuɗi da ma'ajiyar makamai. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, da cibiyar da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro don daƙile yaɗuwarsu, duk suna fama ne da tambaya guda, wato ina bindiga ke zuwa bayan ta bar hannun wanda aka ba shi.

Gardamar da ba ta mutu ba

Waɗanda suka zo bayan Browning sun yi ƙoƙarin toshe gibin da ya bari, kowanne kuma ya buɗe wani. Walther ta yaɗa kunamar da ke ɗaga guduma da kanta a harbin farko, wadda ta ba da damar ɗaukar bindiga a shirye ba tare da guduma a ɗage ba. Farashin haka shi ne jan farko mai nauyi, na biyu mai sauƙi, kuma wannan bambanci na ɓata saitin wanda bai ƙware ba. A kan wannan tsari Beretta 92 take, wadda Amurka ta ɗauka a 1985 don ta daidaita harsashinta da na ƙawayenta na NATO. Tana ɗaukar 15, amma masu ƙananan hannaye sun koka da kaurin mariƙinta.

A farkon shekarun 1980 Gaston Glock na Ostiriya ya fito da Glock 17, mai gangar jikin roba mai tauri, marar nauyi, mai sassa kaɗan, mai ɗaukar harsashi 17, wadda jan kunamarta iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Ba ta da makarin da ake buɗewa da babban yatsa. Masu yabo na cewa hakan ya rage abin da jami'i zai tuna a lokacin tashin hankali, masu suka na cewa ya rage shingen da ke tsakanin yatsan ganganci da asarar rai. A 2013 Birtaniya ta ajiye Hi-Power ta ɗauki Glock 17. Sai dai a cikin cikinta, bututun nan mai sunkuyawa na Browning ne ke aiki, kamar yadda yake a Tokarev ta Rasha, da CZ 75 ta Chek, da SIG ɗin da Amurka ta koma wa a 2017.

Ko batun girman harsashi bai kwanta ba. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta bar milimita 9 ta koma harsashi mafi girma bayan wata musayar wuta a Miami a 1986 wadda ta ci ran jami'anta biyu. Bayan kusan shekara 30 ta dawo wa milimita 9, bisa hujjar cewa harsasan zamani sun inganta, kuma jami'anta sun fi samun abin da suka saita da ita.

Abin da wannan kai da komo ke nunawa shi ne babu ƙirar da ta tattara komai. Mai son harsashi babba zai haƙura da kaɗan, mai son da yawa zai haƙura da kaurin mariƙi, mai son saurin shiri zai ɗauki nauyin horo mai tsanani, mai son makarai da yawa zai yarda da jinkiri. Rundunar Amurka ta shafe shekara huɗu tana gwaji kafin ta sa hannu a 1911, kuma abin da ta auna shi ne ko bindigar za ta tashi cikin ƙura da tsatsa da zafi a hannun soja gama-gari. Ga hukumar da ke sayen makamai da kuɗin jama'a, tambayoyin ba su sauya ba: ko akwai kayan gyara, ko harsashinta ya dace da wanda ke ma'ajiya, sau nawa jami'i zai je filin atisaye a shekara, kuma wa ke ƙirga abin da ya fita da abin da ya dawo.

FN ta dakatar da ƙera Hi-Power ta asali a 2018, bayan shekara 83, ko da yake wasu kamfanoni na ci gaba da fitar da kwafinta. M1911 kuwa har gobe ana ƙera ta a ƙasashe da dama, kuma a 2011 jihar Utah ta ayyana ta a matsayin bindigar jiha don tunawa da ɗanta. A Ogden, a tsohuwar tashar jirgin ƙasa, akwai gidan tarihi da ke ajiye da samfuran farko da Browning da 'yan'uwansa suka sassaƙa da hannu.